Shef Baƙo da Bashen Yayansa

Duk wanda ya taɓa kwana a Dogon Marke, ƙauyenmu da ke tsakanin Agiye da Gangara, ya san mota ɗaya ce tak a garin, kuma ta Yahaya ce. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, irin wadda muke kira bashe. Shekara goma sha huɗu tana kai aya da gero kasuwar Gangara, ta dawo da taki da gishiri da tsofaffin da ƙafa ta gaza musu. Ita ke kai mai naƙuda likita. Da ita Yahaya ke ciyar da gidansa, kuma guminta ne ya kai shi Makka. In ka ga yana goge mata goshi da gefen rawaninsa sai ka rantse 'yarsa ce.

Da lokacin tafiya hajji ya zo, Yahaya ya duba gabas ya duba yamma, ya ga a duk garin babu wanda ya iya tuƙi sai ƙanensa Baƙo. Ya miƙa masa makulli.

Shi Baƙon nan wata biyar ya yi yana gadi a wani filin sayar da motoci a Kwatano. Gadi fa, da sanda da kujera. Amma da ya dawo sai ya ce a riƙa kiransa Shef, wai babu motar da bai ga hanjinta ba. Abin da ya zo da shi daga can shi ne tabarau da wani littafi mai sheƙi na kamfanin da ya ƙera bashen yayansa. Rubutun ciki bai dame shi ba, don lakol ɗinsa ba ta wuce aji biyu ba. Hotunan kam ya haddace su.

Kwana uku da tafiyar Yahaya, muna zaune gindin marke bayan la'asar, sai ga Shef da littafi a hammata. Ya buɗe tsakiya ya shimfiɗa mana a kan tabarma. A ƙasan shafin an zana wani dogon ƙarfe mai tayoyi huɗu, a samansa kuma motoci uku, kowacce da kibiya tana nuna shi.

"Ku dubi nan da kyau," in ji Baƙo. "Wanga shi aka kira shasi, ƙashin mota ke nan. Inji da tayoyi duk bisanshi suke. Kamfani guda shika ƙera shi, sannan shi ɗora mai riga. In ya ɗora wagga, a ce bashe, talaka shi saya. In ya ɗora wagga, a ce ƙaramar bas. In ya ɗora wagga kuwa, a ce katkat, minista shi hau. Abu guda na. Ku da ba ku hita waje ba, ku aka cuta."

Na ce, "To Shef, mu da anka cuta, mi za mu yi?"

"Ku ba ku yin komi, Ado. Ni za ni yi. Yaya ba shi shiga garin ga cikin motar aya. Mutum ya taho daga Makka, a ɗauko shi cikin warin taki? Cikin katkat za shi shigo, ta gani ta hwaɗa."

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, ta zo wucewa da ƙwaryar dusa a ka. Ta tsaya.

"Baƙo, mi yayanka ya ce ka yi wa motar?"

"Ya ce in tashe ta kullum da sahe, in ta yi ɗumi in kashe."

"To ina riga cikin wagga magana?"

"Gwaggo, wagga harkar ilimi ce."

"Ilimin da ka gyara mini rediyo da shi? Da tasha guda take kamawa, yanzu ko tari ba ta yi."

Aka yi dariya, Baƙo ya naɗe littafinsa ya ce ranar tarba zai ga masu dariya.

A Agiye, bayan garajin Muttaka makanike, akwai gangar jikin wata katkat shuɗiya da ta yi shekara bakwai a yashe tun da ta wuntsila a hanyar Gazawa. Inji da tayoyi an daɗe da cinye su, sai kaji ke kwana a ciki. Baƙo ya kai wa mai ita ragonsa guda, mutumin ya karɓa da sauri har yana tuntuɓe.

Muttaka ya karɓi littafin ya duba, ya duba bashen, ya duba Baƙo.

"Shef, littahin bai yi ƙarya ba. Gidansu guda. Amma shasin bashe ya ɗara na katkat tsawo da kamu guda, kuma taku ta girmi wagga da shekara biyar. Kai da Yahaya ciki guda kunka hito. Sa wandonshi mu gani."

Yahaya dogo ne kamar giginya, Baƙo kuwa in ya hau jaki ƙafarsa ba ta kai cikin jakin ba.

"Muttaka, kai mai gyara na. Ni kuwa na ga inda aka sauke su daga jirgin ruwa."

"To madalla. Ni ban sa hannu. Ga hili nan, ga kayan aiki. Kujera kaɗai za ni ɗauka in zauna."

Haka kuwa aka yi. Ya kafa kujera a inuwar bedi, ya ɗora shayi. Mu kuma, mu shida daga Dogon Marke, muka zama 'yan ƙwadago. Ba zan ɓoye ba, kwaɗayin shiga katkat ne ya kai ni, don Baƙo ya yi mini alkawarin kujera ranar tarba.

Notunan da suka riƙe jikin bashe shekara goma sha huɗu ba su ga dalilin sakin sa ba. Baƙo ya zuba musu mai, ya yi musu magana da Faransanci, daga ƙarshe ya ɗauko guduma da kurfi ya sassare su. Da muka zo ɗaga kan motar, wani wuri ya riƙe, Shef ya ce a ja, muka ja, kan ya rabu biyu. Ya ce ai dama haka kamfani ke haɗa shi.

Muka ciccibo gangar katkat, kaji na tsalle ta taga, muka ɗora. Ramukan noti takwas ne. Biyu suka hau, shida suka kalli wani wuri dabam.

"Kun gani?" in ji Baƙo, yana share gumi. "Biyu sun hau. Da ƙarya na, ko guda ba shi hawa."

Daga inuwa Muttaka ya ce, "Sauran shidan hwa?"

"Na ƙawa na. Turawa akwai son ɓarnar ƙarhe."

Aka ɗaure shidan da waya da igiyar guga. Sai aka ga tayoyin baya ba su zauna a gurbinsu ba, sun tsaya can baya suna gogar jiki. Aka kira mai walda ya yanke musu sabon gurbi. Sai sitiyari ya ƙi fitowa, ya tokare ƙarƙashin allon gaba. Aka yanke allon. Sai birki da giya suka ƙi. Aka ci gaba da yanka har aka buɗe rami a gaban motar wanda maraƙi zai wuce ta ciki bai sunkuya ba. Baƙo ya ɗaure wa kansa tsohon bencin bashe a kan shasi, ya rufe sauran ramin da tabarma, ya ce a ƙasashen zafi haka ake yi don iska.

Bakin tankin mai ya fito a hagu, murfinsa na jikin katkat yana dama, don haka ta taga ake zura tiyo. Wayoyin wuta kuwa Shef da kansa ya haɗa su, ja da ja, baƙi da wanda ya fi kusa. Sakamakon shi ne in ya taka birki sai oda ta yi kuka, in ya danna oda sai abin share gilashi ya tashi. Ƙofofi huɗu na gefe, ta direba kaɗai ke buɗewa yadda Allah ya so, sauran sai an sa kafaɗa.

Mako uku muna wannan aiki. Mako uku kasuwar Gangara na ci ba motar Dogon Marke, mata na bin amalanken shanu suna tsine wa ilimi. Ranar da Baƙo ya shigo gari da katkat ɗinsa, gindin shasi ya leƙo kamu guda a baya, tsirara. Gwaggo ta zagaya ta sau ɗaya.

"Wanga ƙarhen da ya hito baya hwa?"

"Wurin tsayuwar masu tsaron lahiya na, Gwaggo."

"To ka samo su da yawa, za ka bukace su ranar da yayanka ya sauka."

Ranar tarba aka wayi gari da ruwan sama mai ƙarfi, ya ɗauke da hantsi. Muka nufi tashar Agiye, liman a cikin katkat, ni a can baya inda ake zuba kaya, samari a kan babura gaba da baya. Bas ɗin Yamai ta iso bayan azahar. Alhaji Yahaya ya sauko cikin farar jallabiya, ya rame ya yi haske, aka rungume shi, aka shafa, liman ya yi fatiha. Bai gama amsa gaisuwa ba idonsa ya fara yawo cikin tasha.

"Baƙo, ina bashe?"

"Tana lahiya, Yaya. Tana nan kusa."

"Wagga ta wa ce?"

"Ta tarbarka ce. Shiga dai."

Mutum uku suka ɓamɓare ƙofar gaba, Alhaji ya shiga ya zauna a kujerar da ke jikin katkat ɗin, suka mayar da ƙofar da gwiwa. Aka loda jarkokin zamzam da buhun dabino a kaina. Baƙo ya gyara tabarau ya murɗa makulli. Inji ya yi tari sau biyu, ya yi shiru kamar mai tunani, sannan ya kama.

Alhaji ya karkata kai. "Wanga tarin na san shi."

"Kamfani guda na, Yaya. Duk 'yan gidan haka suke tari."

Muka hau hanya. Alhaji ya zuba wa sitiyari ido, wanda ke naɗe da jar fatar da wani baduku ya ɗinka masa a Gazawa.

"Wagga hwata hwa?"

"Yanzu haka suke hitowa da su daga can."

Bashen Yahaya na da wata ɗabi'a, giya ta biyu na kuɓucewa in an hau gangara sai an dafe ta. Muna isa gangarar bayan gari sai na ga hannun Alhaji ya miƙe da kansa ya dafe giyar kafin ta fita. Ya daɗe yana kallon hannun nasa. Baƙo ya yi maza ya ce, "Yaya, ba mu labarin Arfa."

Da muka bar kwalta muka ci karo da garken shanu suna tsallaka hanya. Baƙo ya taka birki don ya ba su wuri, oda ta kwarma ihu, shanu suka watse cikin gonar mutane. Ya sake takawa, ta sake. Bafulatanin ya zo taga da sanda a kafaɗa, ya ga Alhaji da liman, ya haɗiye abin da ya zo da shi, ya ce Allah ya shirya direba. Liman ya ce amin tun kafin ya rufe baki.

Tsakaninmu da gari akwai wani kwari mai yashi, in an yi ruwa sai ya zama kunu. A tsallakensa duk Dogon Marke ta fito, maza da mata, da kalangu da guɗa. Bashe ta san kwarin nan, ta gefen dama take bi. Baƙo ya ce katkat ba ta zagaye, ya miƙe ta tsakiya. Muka shiga da ƙarfinmu, muka tsaya cak. Tayoyi suka yi ta juyawa suna haƙa wa kansu kabari har laka ta kai ciki.

Baƙo ya sauka ya bar inji na aiki. Alhaji ya kama ƙofa zai fito, ta ƙi.

"Zauna, Yaya. Ƙahwar da ta taka Makka ba ta taka laka yau. Malam, kai ma zauna."

Liman dama ba shi da zaɓi, tasa ƙofar ko motsi ba ta yi. Ni na fito ta ƙofar baya. Kafin ka ce me, mazan gari sun kwararo cikin kwari, kowa na son hannunsa ya taɓa motar Alhaji ya samu tubarraki. Mun fi arba'in. Muka tura, ba ta motsa ba. Baƙo ya hau wani tudu ya naɗe hannun riga.

"Ba turi aka yi wa katkat ba. Ɗagawa za ku yi, kamar yadda munka saba. Kowa shi kama inda hannunshi ya kai."

Muttaka, wanda ya biyo mu a babur tun daga Agiye don kada a ba shi labari, ya ce, "Shef, ce musu su kama ƙarhen ƙasa, kada su kama jiki."

"Muttaka, tarba ka zo ko lakol ka zo buɗewa? Ku kama. Ɗaya, biyu, ku ɗaga."

Muka sa hannu ƙarƙashin jikin mota muka yi salati muka ɗaga. Na ji wani abu ya ce ƙas a gaba, wani ya amsa masa ƙas, igiyoyi suka yi tsit tsit. Sai nauyin ya tafi. Motar da ta gagari turi ta taso kamar akurkin kaji. Wani a bayana ya ce albarkar Makka ce, aka ɗauki kabbara. Da jin haka ƙarfi ya ƙaru, muka kai ta kafaɗa. Na baya ba sa ganin komai sai shuɗin ƙarfe, suka turo. Na gaba in ba su taka ba za a taka su, suka taka. Muka kama tafiya.

Masu kalangu suka ga motar Alhaji ta nufo su a kan kafaɗun mutane, suka ɗauka wata sabuwar girmamawa ce da Shef ya gano a Kwatano, suka ƙara wuta. Mata suka rangaɗa guɗa. Ina gefen gaba daidai ramin nan, don haka da kunnena na ji Alhaji yana ce wa liman, "Malam, sai yanzu ta daina girgiza."

Tabarma ta riga ta faɗi. Liman ya leƙo ta ramin, muka haɗa ido da shi. Ya dubi laka, ya dubi sawayenmu, ya koma ya zauna.

"Alhaji, motar ga ƙahwahu gare ta."

Can baya Baƙo na gudu cikin laka, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kiran a ajiye, amma wa zai ji shi cikin kalangu? Sai da muka haye tudu muka dire ta a gaban jama'a, ta zauna a ƙasa daɓas. Makaɗa suka dubi inda tayoyi ya kamata su kasance. Kiɗa ya mutu a hankali. Cikin shirun nan sai aka ji wani abu na tari daga cikin kwari.

Kowa ya juya. Ga shasi can tsirara a cikin laka, inji na ta aikinsa, benci a ɗaure, jan sitiyari a tsaye ba kowa a bayansa.

Alhaji ya tsallake jarkokin zamzam ya fito ta ƙofar baya. Ya gangara cikin kwari da farar jallabiyarsa, laka har ƙauri, ya je ya tsaya gaban abin da ya rage na motarsa. Ya shafa fatar sitiyari. Ya kashe inji ya zare makulli ya sa a aljihu. Wallahi tausayinsa ya kama ni, dariyar da ke cina ta koma ciki, don na san abincin gidansa ne ke tsaye tsirara a gaban mutane.

Da ya hauro ya tsaya gaban ƙanensa.

"Baƙo, ina sauranta?"

"Tana Agiye, Yaya, wurin Muttaka. An aje ta da kyau. Kashi ukku."

"Biyar," in ji Muttaka. "Kuma ƙohwa guda mai shayin tasha ya ara, bisanta shika yanka burodi."

Baƙo ya zaro littafinsa daga aljihu, ya jiƙe da laka. "Yaya, in ka dubi nan tsakiya, za ka ga asali ba ni da laihi. Shasin guda na, kawai dai..."

Gwaggo ta miƙo hannu ta zare littafin ta cusa a ɗaurin zaninta, ta ce zai yi mata amfani wajen hura wuta.

Jijiyar wuyan Alhaji ta tashi. Ya buɗe baki, kuma duk wanda ya san Yahaya kafin Makka ya san abin da ke tafe. Liman, da aka zaro ta taga, ya yi maza ya dafa kafaɗarsa.

"Alhaji, yau ka dawo, hwari tas kake kamar ranar da anka haihe ka. Kwana arba'in bakinka ba shi da shamaki. Abin da ka roƙa, karɓaɓɓe na. Ka auna."

Alhaji ya rufe baki. Ya dubi liman, ya dubi Baƙo, ya yi wani ɗan murmushi da bai yi mini daɗi ba. Sannan ya fuskanci gabas ya ɗaga hannuwa sama a hankali.

Tun da nake da Baƙo ban taɓa ganin tsoro ya kama shi ba sai ranar. Tabarau ya zame, gwiwoyinsa suka kai ƙasa, ya kama gefen jallabiya.

"Yaya, don Allah sauke hannun. Nono guda munka sha. Ka buge ni, na yarda, amma sauke hannun."

Alhaji bai ko dube shi ba.

"Ya Allah," in ji shi, da muryar da ta kai har bayan taro, "ga ƙanena Baƙo. Ka ba shi lahiya. Ka ba shi ƙarhin hannu da na baya. Ka toshe mai hanyar Kwatano da ta ko'ina. Kada ka ɗauki ranshi, ya Allah, sai ya mayar da kowane noti na motar ga inda ya ciro shi."

Amin ɗin da Dogon Marke ta yi, na tabbata an ji ta a Gangara. Matan da suka yi mako uku a amalanke su suka fi ɗaga murya. Alhaji ya shafa, ya juya ya nufi gida a ƙasa, jama'a suka bi shi, makaɗa suka ci gaba daga inda suka tsaya.

Aka bar mu mu uku a bakin kwari, ni da Muttaka da Baƙo, da gangar katkat a zaune a ƙasa. Baƙo ya daɗe a durƙushe kafin ya ɗago.

"Muttaka, notunan nan da na sare da kurhi, ana samun irinsu?"

"An daina yin su tun kahin ka tahi gadi."

Muttaka ya hau babur ɗinsa ya buga, sannan ya waiwayo ya dube shi da fuskar taya murna.

"Barka dai, Shef. In addu'ar ga ta kama, kai za ka binne mu duka."